Zuciyar Inna Ba Ta Tashi

Yau wata biyar ke nan da aka yi wa surukata aiki na biyu, kuma jiya da idona na gan ta a durƙushe tana tatsar saniya. Alhamdu lillahi. Sai da na ga haka hankalina ya kwanta har na iya zama in rubuta wannan, don duk wanda zai raka tsohuwa asibiti ya san abin da mu muka sani a makare. Amai ne ya so ya kai mu ƙasa. Amai fa, abin da ko yaro ba ya ɗauka ciwo.

Ni 'yar Magarya ce ta ƙasar Wurno, aure ya kawo ni Goronyo. Maigidana direba ne, yana da a-kori-kura da yake jigilar albasa da ita. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Inna, Bafillatana ce, tana zaune a ruga bayan gari, tafiyar fiye da awa guda a ƙasa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ji abu, ni take gaya wa, ko da yana tsaye a gabanta. Sai ta ce, "Ke, ce mishi hatsi ya ƙare." Ni kuma in juya in ce, "Ka ji." Haka muke zaune lafiya lau.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai. Shekara tara da sayen motar nan, Inna ba ta taɓa sa ƙafarta a ciki ba. Ranar kasuwa sai ya iske ta a hanya da ƙwaryar nono a kai, ya tsaya ya buɗe ƙofa, ita kuwa ta ratse cikin gona kamar ba ta san shi ba. Mutane suna cewa fillanci ne. Shi bai yarda ba. Rabonsa na shanu ya sayar ya sayi motar, kuma ya sa a ransa cewa har yau ba ta yafe masa ba. Sau ɗaya tak ya taɓa faɗa mini haka, amma duk ranar kasuwa ina ganin abin a fuskarsa.

Ciwon ya fara ne da wani ɗan ƙullutu a saman cibiya. In ta ɗauki tulu ya fito, in ta kwanta ya koma. Ta ɓoye shi har ya kai girman lemo, sai ranar da na je na tarar da ita tana daka tana dafe ciki. Da ƙyar ta yarda muka je asibitin da ke kusa da mu, kuma a ƙasa ta je, ni a baya ina haki. Likita ya taɓa ya ce ƙaba ce, hanji ne yake leƙowa ta inda naman ciki ya buɗe, sai an yi aiki an ɗinke.

Kwana ɗaya kafin aikin wani nas ya zo da takarda yana tambayoyi. Ina gefen gado, maigidana yana tsaye a kanmu don shi zai sa hannu. Tana da ciwon sukari? A'a. An taɓa yi mata allurar barci? A'a. Sai ya ce, "Inna, in kin shiga mota, zuciyarki na tashi?"

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Ni? Zuciyata ba ta tashi gaban kowa."

Wallahi dariya muka yi, har da nas ɗin. Muka ɗauka Hausa ce ta ba tsohuwa wuya, ta ji ana zancen zuciya ta zaci fushi ake nufi. Maigidana ya ce, "Ta ce a'a." Aka rubuta a'a, aka wuce.

Aikin ya yi kyau, haka aka ce mana. Amma tun kafin ta gama farfaɗowa ta fara yunƙuri. Ba abin da ke cikinta sai ruwa mai ɗaci, duk da haka cikin bai daina murɗawa ba. In ta yunƙura sai in ga jijiyar wuyanta ta miƙe, ta kama hannuna ta matse. Aka yi mata allura, ya lafa na ɗan lokaci, ya dawo. Kwana biyu muna haka, ina riƙe da roba, hannuna ɗaya a kan bandejin kamar ni zan hana shi buɗewa.

'Yan dubiya kuwa kowa da asibitinsa a jaka. Goggo Dije, ƙanwar mahaifin maigidana, ta taso takanas daga Tursa da goro, wai a tauna a haɗiye ruwan. Wata ta kawo citta, wata lemon tsami, wata ta ce a jiƙa ƙasar bango a shaƙa. Ina fita alwala Goggo Dije ta ɗura mata fura, wai yunwa ce ke sa ta haraswa, kamar yadda muke ce wa amai a nan. Na dawo na iske furar a zanen gado. Ranar na manta ita babba ce, na faɗa mata magana, har yanzu ina jin kunyar abin. A rana ta uku Inna ta yi wani yunƙuri mai ƙarfi, sai ta yi tsit, ta dube ni ta ce, "Wani abu ya yi ɗas."

Fatar waje ta warke sumul, muka dawo da ita gidanmu muna murna. Mako na huɗu ƙullutun ya leƙo. Mako na bakwai ya fi na da girma, in ta ci tuwo sai ta kwanta tana nishi. Da muka koma, likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ɗinkin ciki ne ya saki, kuma yunƙurin aman nan bai taimaka ba. Ya ce sai Sakkwato, a can za a sa mata wata raga ta riƙe wurin. Ya ƙara da maganar da ta zauna mini a ƙirji: naman wurin ya riga ya yi laushi, in wannan ma ya saki, ba lalle a sami abin kamawa karo na uku ba.

Da muka fito Inna ta ce, "Ba ni zuwa."

Mako biyu muna fama. Na yi lallashi, Goggo Dije ta yi faɗa, maigidana ya daina cin abincin kirki. Na ce mata, "Inna, tsoron wuƙa kike?" Ta harare ni. Matar da ta haifi bakwai a ruga ba ta san wannan tsoron ba. Sai wata safiya ƙabar ta fito ta ƙi komawa har hantsi, ta yi tauri, zufa na keto mata. Da Allah ya sa ta koma, Inna ta kira ni ta ce za ta je, amma da sharaɗi. Motar haya za mu shiga, ni da ita kawai. "Shi ko, shi biyo daga baya."

Na gaya wa maigidana. Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Ranar tafiya ta ƙi karyawa, ko ruwa ba ta sha ba. Muka sami kujerar baya, rana ta fara zafi, ga warin fetur. Ba mu yi nisa ba na ga ta rufe ido, goshinta ya jiƙe. Kafin mu kai mararrabar Wurno ta finciko gefen zanenta ta toshe baki. Na buga wa direba kujera ya tsaya. A bakin hanya ta durƙusa, hannu biyu a kan ƙabar, tana irin yunƙurin nan da na sani sarai. Ina tsaye a kanta da butar wani bawan Allah, sai maganar nas ta faɗo mini.

Na ce, "Inna, ashe kin ji tambayar da anka yi miki."

Ta kuskure baki ta tofar. "Na ji shi sarai. Hausa ba ta ɓace min ba."

"To don mi kinka ce a'a?"

"Yana tsaye bisa kaina. Ke, uwa ta buɗe baki gaban ɗanta na fari ta ce tana haraswa kamar jinjiri?"

A bakin hanyar nan ta ba ni labari. Tun tana amarya aka ɗora su a babbar mota za su biki Rabah, ta ɓata jikinta da na surukarta a gaban jama'a. Daga ranar ta yi wa kanta alkawari, ita da mota sai dai kallo. Na ce, to motar ɗanki fa? Ta ce, "Ita ta hi kowace. In ɓata mishi ita yana gani?" Sai ta kama hannuna ta ce in rantse ba zan gaya masa ba. Na rantse. Sau uku muka ƙara tsayawa kafin Sakkwato, fasinjoji na tsaki, ni ina ba su haƙuri, zuciyata kuwa tana wurin mutumin da ya shekara tara yana zaton uwarsa na fushi da shi.

Zancen layin asibitin birni ba sai na ja shi ba. Layin kati daban, layin jini daban, layin hoto daban, kuma kowanne in ka kai gaba sai a ce ka koma wancan. Sau biyu aka ɗaga ranar aikin. Muka sauka gidan wata 'yar'uwata har aka ba mu gado. Na yi fushi, na yi ƙorafi, amma kuma a wurin nan na ga nas ɗin da ta cire takalminta ta ba wata tsohuwa ta shiga banɗaki da shi. Allah ya saka mata.

Kwana huɗu muka yi a ɗakin mata kafin a zo kanmu, ni kuwa na zama 'yar bincike. Duk wadda aka fito da ita daga tiyata sai na je sannu, daga sannu in zarce: ta yi amai? Mi aka ba ta? Wata dattijuwa 'yar Rabah an yi mata allurar da ta tsayar da aman, amma ta wuni tana barci, in ta farka bakinta a bushe, ba ta san azahar ta wuce ba. Inna ta leƙa ta ta ce, "Wannan ba magani ba na, suma ta." Wata budurwa kuma an ba ta wani daban, can sai wuyanta ya karkace, idonta ya kafe sama. Uwarta ta fasa ihu wai iska ne. Nas ta zo da gudu ta yi mata wata allura, ta ce maganin ne yakan yi wa wasu haka, musamman masu ƙuruciya, kafin la'asar yarinya ta warware. Ta kusa da mu kuwa, mai aikin maƙoƙo, ta farka garau har tana neman shayi, sai ɗan ciwon kai. Na tambayi 'yarta sunan abin da aka ba ta, ta duba takarda ta karanto wani dogon suna, ondansetron. Kunnena dai Ɗan Sitiron ya ji, kuma har muka bar asibitin haka nake kiransa.

Na ƙudura a raina Ɗan Sitiron za a ba Inna, ko ana so ko ba a so.

Ana gobe aiki likitar barci ta zo, wata 'yar siririya mai tabarau. Maigidana ya iso tun safe, yana tsaye a kanmu kamar wancan karon. Ta jawo kujera ta fara tambaya. Na ce an yi amai sosai a aikin farko, ta rubuta. Sai ta ce, "Inna, in kin shiga mota fa, zuciyarki tana tashi?"

Inna ta gyara lulluɓi. "Zuciyata ba ta tashi gaban kowa."

Maigidana ya buɗe baki zai ce ta ce a'a. Ga rantsuwa a wuyana, ga ɗinkin da aka ce ba shi da na uku. Amma na tuna abin da na rantse a kai, shi ne ba zan gaya wa ba. Na ce masa, "Don Allah sawo muna ruwan sanyi, na bakin ƙohwa can waje, na nan ciki ba shi da sanyi." Ya dube ni, ya dubi jarkar ruwan da ke cike a ƙarƙashin gado, ya fita.

Na ce, "Likita, ki sake tambaya tata. Ki tambaye ta yadda munka zo garin ga."

Inna ta watsa mini wani kallo da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai. Likitar ta rufe fayil, ta ce a hankali, "Inna, ba kowa sai mu mata." Can Inna ta ce, tana kallon bango, "Sau huɗu munka tsaya."

Likitar ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ɗaga yatsu tana lissafa mana abin da suke dubawa: mace ce, ba ta shan taba, tana amai a mota ko ta taɓa yi bayan aiki, sannan za a ba ta maganin ciwo mai ƙarfi. Ta ce Inna ta haɗa duka, irinta ba a jira sai aman ya fara, tarbarsa ake yi tun tana barci. Na yi caraf na ce, "To a ba ta Ɗan Sitiron." Sai da ta cire tabarau don dariya. Ta ce yana da kyau, amma ba wanda ya fi kowanne a jikin kowa, kuma ga mai hali irin na Inna guda ɗaya ba ya isa. Za ta haɗa biyu masu aiki ta hanya daban: ɗaya a farkon aiki, wanda yakan ɗaga sukari, shi ya sa ta sake duba jininta, sai Ɗan Sitiron nawa a ƙarshe, shi kuma yakan ɗaure ciki kwana biyu. Mai sa barcin nan ta ajiye shi gefe ko da za a buƙata. Na budurwar nan kuwa ta ce ba ta ga dalilinsa a nan ba. Har maganin barcin ma za ta canza, maimakon na shaƙa za ta ba ta na jijiya, wani fari tas kamar madara, kuma za a kashe wurin yankan da allura don a rage mai ƙarfin.

Inna ta juyo. "Kamar madara?"

"Kamar madara."

"To, wannan na san shi."

Washegari da hantsi aka shiga da ita, bayan azahar aka fito. Na zauna da robata a cinya, irin zaman da na yi wancan karon. Duk motsin da ta yi sai in miƙe. Ta buɗe ido, ta lumshe, ta haɗiye yawu, ni ma na haɗiye. La'asar ta yi, ba komai. Gab da magariba ta motsa baki, na kai robar da sauri, sai ta ture ta da bayan hannu ta ce, "Ke, ɗauke tasag ga. An ba maraƙin nan ruwa?" Na fita baranda na yi kuka mai isata, maigidana ya taso a firgice, da ƙyar na iya ce masa lafiya ce.

Ba ta yi amai ba ko sau ɗaya. Cikin dai ya ɗaure kamar yadda aka faɗa, Inna ta yi ta mita kwana biyu tana cewa Ɗan Sitiron marowaci ne. Goggo Dije ta zo da goronta, wannan karon ita ta tauna abinta.

Ranar sallama na tare likitar a hanya na ce saura komawa gida, ko za a ba mu Ɗan Sitiron na mota? Ta ce a'a, shi ba ya jin aman mota. Na mota shi ne ɗan'uwan mai sa barcin nan da Inna ta raina. Ta rubuta ƙwaya kaɗan daidai tsohuwa, ta ce a sha kafin a tashi, a zauna gaba, a buɗe gilashi, a rungume matashi a ciki. Ku ji ni da kyau, kada wani ya ɗauki sunan magani a bakina ya nufi kemis. Abin da ya yi wa Inna daidai shi ya karkatar da wuyan wata ko ya kwantar da wata. Abin da za ku ɗauka a wurina shi ne, in likita zai yi wa tsohuwa tambaya, ku dubi wanda ke tsaye a kanta, in na fita ne ku fitar da shi.

Kuskuren da na yi, maigidana na ba takardar ya karɓo maganin. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya zo sai ya kira ni waje, ƙwayar na tafin hannunsa.

"Mai ba da magani ya ce wannan na masu haraswa cikin mota na."

Na ce, "Ni ban hwaɗa maka komi ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haihe ka ba. Kuma ban hwaɗa maka komi ba."

Ya tsaya yana juya ƙwayar. Ya ce, "Ba shanun ba na?" Na girgiza kai. Ya juya ya tafi, sai bayan awa biyu ya dawo, ashe wurin wankin mota ya je. Sau uku ya sa aka wanke ta ciki da waje, har ƙarƙashin kujera.

Na shiga na gaya wa Inna gaskiya, cewa ya gane da kansa, kuma motar haya ba za ta yi mata tafiyar da ɗinki ke so ba. Ta daɗe tana kallon ƙwayar. Sai ta ce, "Miƙo ruwa."

Ita a bakin taga da matashinta, ni a tsakiya, shi a sitiyari. Ban taɓa ganin mutumin nan ya yi tuƙi irin na ranar ba, kowane rami sai ya kewaye shi, masu babur ma wuce mu suke yi. Inna ta yi gyangyaɗi tun kafin Achida. Mun wuce mararrabar Wurno, na dubi inda ta durƙusa ranar zuwa. Ba ta farka ba sai da muka tsaya a ƙofar gidanmu a Goronyo.

Ta buɗe ido, ta taɓa cikinta, ta taɓa bakinta. Ta shafa kujerar da tafin hannu, ta dubi gilashin gaba. Sannan ta taɓo ni.

"Ke, ce ma mai motag ga ya iya tuƙi." Ta gyara lulluɓi. "In na warke, ran kasuwa shi biyo ta ruga."

Na juya na ce, "Ka ji."

Ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Da ya ɗago yana share ido da hannun riga, sai ya ce, "Warin albasa na."

Ni dai hancina lafiyarsa lau, kuma ban ji komai a motar nan ba sai sabulu.